Millennium Park ko Tafkin Jabi: ina za ka kai iyali shan iska a Abuja?

Duk wanda baƙi suka taɓa sauka a gidansa a Abuja ya san tambayar da ke biyo bayan gaisuwa da cin abinci: to, gobe ina za a kai mu? Birnin ba shi da ganuwa, ba shi da marina irin ta Ƙofar Mata, ba shi da fadar sarki mai ɗaruruwan shekaru da za a je kallo. Sai a ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnatin tarayya ta tare a cikinsa, ko da yake tun 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka yi dokar kafa shi. Abin da Abuja take da shi wanda yawancin garuruwanmu suka rasa shi ne sarari: ciyawa, itatuwa, duwatsu da ruwa, waɗanda masu zanen birnin suka ware tun a taswirar 1979 suka ce kada a yi gini a kai. An cinye wasu, wasu sun tsira. Waɗanda suka tsira su za mu auna.

Wurare biyu ne a bakin kowa, Millennium Park da Tafkin Jabi, kuma a kansu zan fi daɗewa, domin yawancin iyalai tsakaninsu suke zaɓe. Sauran, wato gidan namun daji na Asokoro, Magicland, Dam ɗin Usuma da ramin dutsen Mpape, kowanne da irin mutanensa. Abin da ke raba gardama a wurina shi ne su wa ke cikin motar. Motar da ta ɗauko kaka mai ciwon gwiwa da jariri a goye ba inda motar samari 'yan jami'a ta nufa za ta nufa ba.

Millennium Park: wurin zama

Yana Maitama, daf da otal ɗin Transcorp Hilton da dandalin Unity Fountain mai ɗauke da sunayen jihohin ƙasar nan. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi a ranar 4 ga Disamba 2003, lokacin da ta zo taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a zamanin Obasanjo. Wani gwanin zanen gine-gine ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya tsara shi, kuma faɗinsa hekta 32 ne, shi ya sa babu lambun jama'a da ya kai shi girma a cikin birnin. Rafi ya ratsa ta tsakiyarsa ya raba shi biyu. Ɓangaren da ake fara shiga an tsara shi irin lambunan Italiya: miƙaƙƙiyar hanya shimfiɗe da farin dutse, jerin famfuna masu fesa ruwa a tsakiyarta, ciyawa kwance dama da hagu. In ka tsallaka gada zuwa ɗaya ɓangaren sai ka tarar an bar daji kusan yadda Allah Ya yi shi, itatuwa sun haɗe kai, kukan tsuntsaye ya fi hayaniyar mutane.

Baƙi da yawa ba sa cin moriyar wannan rabon. Suna shigowa suka ga ciyawar farko sai su shimfiɗa tabarma nan bakin ƙofa, inda kowa yake, masu ɗaukar hoto na zarya a kansu, ƙwallon yaran wasu na faɗowa kusa da kular shinkafarsu. Tafiyar 'yan mintuna zuwa ciki za ta kai mutum inuwar da babu mai damunsa. Amma in da tsoho a tafiyar, a yi hakuri a zauna kusa, domin mota ba ta shiga, kuma abin da ƙafar yaro ke ɗauka kusa, ƙafar kaka na ganinsa da nisa, balle ga kula da jarkar ruwa da za a ɗauka.

Babban abin da ya sa nake fifita shi ga mai iyali da yawa shi ne aljihu. An san wurin da cewa ba a karɓar kuɗin shiga, kuma babu mai hana ka zuwa da abincinka. Uwargida ta dafa dambu ko shinkafa da miya tun a gida, a haɗa zoɓo ko kunun aya, a ɗauko tabarma biyu, shi ke nan an gama kashe kuɗi in ban da na mota. Wanda ya manta tabarma zai samu ta haya a wurin. Masu askirim da gugguru suna nan suna jiran yara su yi musu talla da kuka, amma wannan yaƙi ne da kowane uba ya san yadda yake yinsa.

Sai dai a san abin da aka zo yi. A Millennium zama ake yi. Babu jirgin ruwa, babu injin da zai juya yaro sama ya dawo da shi. Yara 'yan shekara uku zuwa goma sun samu abin da suke so, domin fili suka rasa a gidajen haya na Kubwa da Lugbe, kuma da ƙwallo ɗaya za su wuni suna gudu har su yi barci a mota. 'Yan shekara sha huɗu zuwa sama kuwa, in sun gama ɗaukar hoto a bakin famfunan, kafin awa guda sun koma kan waya suna tambayar yaushe za a tafi. Su famfunan ma ba kullum ake kunna su ba, don haka kada a yi wa kowa alƙawarin ganin ruwa na tashi.

Wuri ne na rana. Kafin magariba masu gadi kan fara sallamar jama'a, kuma ni ina ganin wannan alheri ne: shi ya sa wurin ya tsaya a na iyali, wanda mutum zai shiga da surukarsa ba tare da ya riƙa kawar da kai ba. Za ka ga amare da angwaye masu hotunan kafin aure, 'yan makaranta da malamansu, ƙungiyoyin mata masu walima, da mai littafi shi kaɗai a gindin itace. An rufe shi lokacin annobar korona a 2020, bai sake buɗewa ba sai a 2022, kuma a wannan tsakanin ne mazauna birnin suka gane irin gurbin da yake cikewa.

Wata dabara ga baƙon da ya zo ƙarshen mako: Babban Masallacin Ƙasa 'yan mintuna ne daga nan a mota. A yi Juma'a a can, baƙi su ga masallacin da suka saba gani a talabijin, a sauko a wuce lambu da abincin rana. Ranar Juma'a da yamma wurin bai cika kamar Asabar da Lahadi ba.

Tafkin Jabi: wurin motsi

Jabi ba tafkin Allah da Annabi ba ne, tare shi aka yi. An datse ruwan a farkon shekarun 1980 domin ba sabon birnin ruwan sha, kafin Dam ɗin Usuma ya karɓi aikin. Da gari ya girma ya kewaye shi, sai ya koma wurin shaƙatawa.

Abu na farko da baƙo zai riƙe shi ne Jabi fuska biyu gare shi, kuma in ba ka fayyace wa direba ba zai sauke ka a wadda ba ka nufa ba. Akwai filin shaƙatawa na jama'a ta wajen titin Alex Ekwueme, inda dawaki da kwalekwale suke. Akwai kuma katafaren rukunin kantuna na Jabi Lake Mall a titin Bala Sokoto, wanda aka buɗe a 2015, shi ma yana kallon ruwan ta bayansa. Ruwa ɗaya ne, amma fita biyu ce daban, kuɗinsu ma daban.

A filin jama'a, safiyar Asabar ta masu motsa jiki ce. Tun da sassafe ake cika, kiɗa na tashi daga manyan lasifiku, rukuni-rukuni ana tsalle, masu gudu na kewaye, masu sayar da takalma da kayan wasanni sun baje. Wanda ya zo neman shiru a wannan lokacin ya yi kuskuren rana. Wanda likita ya ce ya rage tumbi kuwa ya samu abokan tafiya. Da yamma kuma sai wurin ya sauya hannu ya koma na iyalai da samari da 'yan mata: ga dawaki an yi musu kwalliya ana ɗora yara, yawancin masu jan su kuma da Hausa za ku yi ciniki, ga masu kwalekwale na kira, ga jirgi mai inji ga wanda ke son ya ji iska ta mare shi. Lokacin da rana ta karkata ta faɗa kan ruwan, babu wurin da ya kai nan kyau a tsakiyar Abuja, kuma iskar bakin ruwa a watan Maris, lokacin da gari ya yi zafi kamar ya kama da wuta, ita kaɗai ta isa dalilin zuwa.

Ga inda Jabi ya gaza. Inuwarsa ba ta kai ta Millennium ba, ko kusa, don haka zuwa da tsakar rana wahalar da kai ne. Da rani ƙasa ta fi ciyawa yawa. Bayan cunkoson ƙarshen mako robobi da ledoji kan taru a bakin ruwa. Magariba na yi sauro ya fito karɓar rabonsa. Sannan kowane taku da kuɗinsa. Doki kuɗi, jirgi kuɗi, hoto a kan dokin ma wani ya ce kuɗi. Lissafin mai sauƙi ne: yara shida, kowa ya hau doki ya kuma shiga jirgi, sau goma sha biyu ke nan ka sa hannu a aljihu, kafin wani ya ce shi bai ƙoshi ba a sake. A yi ciniki a gama kafin yaro ya hau, a kuma fayyace zagaye nawa ne ko minti nawa, domin in ya riga ya hau, mai doki ne ke da bakin magana.

Maganar da ba ta da sassauci ita ce ta ruwa. Mu da muke jin labarin kifewar jirage a Neja da Kebbi kusan kowace damina bai kamata a roƙe mu sa rigar kariya ba. Kowa ya sa, kuma a duba ta yaro ta zauna masa, ba ta manya da zai zame ta ciki ba. In mai jirgi ya ce babu ta yara, a bar masa jirginsa. In ya cika mutane fiye da kujerun, a jira na gaba. Uwa mai ƙananan yara biyu ko uku ita kaɗai, ba tare da wani babba da zai taya ta sa ido ba, ni ba zan ba ta shawarar Jabi ba sam. Ba za ta zauna ba, ba za ta ci abinci cikin natsuwa ba, za ta wuni tana ƙirga kawuna.

Ɓangaren kantunan kuwa wata duniya ce: sanyin na'ura, bayi mai tsabta, wuraren cin abinci masu kallon ruwa, gidan kallon fina-finai. A damina, in hadari ya taso, nan ne mafaka, abin da Millennium ba shi da shi. Amma wanda ya shiga da yara ya san abin da zai biyo baya a gaban kantin kayan wasa. Ga sababbin aure ko mai neman aure da aka ba izinin fita da rakiyar ƙanwa, wannan ɓangaren ya fi dacewa: ga idon jama'a, ga wurin zama, ga ruwa ana kallo.

In aka ɗora su a sikeli

Wajen kuɗi Millennium ya yi gaba, kuma tazarar na ƙaruwa da yawan kawuna. Wajen inuwa da hutun tsofaffi da mai shayarwa, shi ne dai. Wajen kwanciyar hankalin mai ƙananan yara ma shi ne, ko da yake rafin cikinsa kan kawo ruwa bayan an yi ruwan sama, a hana yara gangarawa. Jabi ya ɗauki nasa a wajen abin yi: matasa ba sa gajiya da shi, baƙon da ya zo daga garin da babu babban ruwa zai koma da labarin ya shiga jirgi, kuma shi ne ke karɓar mutane a lokacin da Millennium ke shirin kulle ƙofa.

Sai maganar nisa, wadda mutane kan manta sai sun shiga gosulo. Wanda ke Gwarinpa, Life Camp, Utako, Kado ko Karmo, Jabi na bayan gidansa. Wanda ya sauka a tashar motar Jabi ko ta Utako daga Arewa ma haka. Mai fitowa daga Asokoro, Garki, Wuse 2, ko daga Nyanya, Karu da Mararaba ta hanyar mahaɗar AYA da ke Asokoro, Millennium ya fi masa sauƙi. Na Kubwa da Dutsen Alhaji kusan kunnen doki ne.

In aka matsa mini in zaɓi ɗaya ga gidan da ya haɗa kaka, iyaye da jikoki, Millennium zan ce ba tare da dogon tunani ba. In rana guda ce kawai baƙin suke da ita kuma akwai mota a hannu, ana iya haɗa su: a yi hantsi zuwa la'asar a Millennium a ci abinci a huta, a yi sallah, sannan a ƙarasa Jabi yara su hau doki rana na faɗuwa. Juya tsarin kuskure ne. Za ka sha ranar Jabi, ka iso Millennium ana shirin rufewa.

Gidan namun daji da Magicland

Lambun yara da gidan namun daji na ƙasa yana Asokoro, a gindin Dutsen Aso, bayan fadar shugaban ƙasa. Ana biyan kuɗin shiga, kuma abin da yake bayarwa haɗi ne: dabbobi irin su jimina, raƙumi, birai, kada da kunkuru, ga lilo da wuraren wasan ƙananan yara, ga fili da inuwa, ga ɗan tafki. Babu inda talaka zai tsaya kusa da Dutsen Aso kamar nan, dutsen da ya tashi kimanin mita 400 ya tsaya a kanka. Ga 'yan nazare da firamare, wannan ya fi Millennium armashi, domin akwai abin nunawa da yatsa a yi tambaya.

Amma Bakano ya rage buri. Wanda ya tashi yana zuwa Gidan Zoo na Audu Bako ranar Sallah ba zai ga abin mamaki a ɓangaren dabbobi ba. Wurin ya fi ƙarfi a matsayin lambun wasa mai dabbobi a gefe. Kada a yi wa yaro alƙawarin wata dabba takamaimai tun daga gida. Sannan a tuna unguwar da ake: kewayen cike yake da jami'an tsaro, a kiyaye inda ake nuna kyamara a kan hanya, a tafi da katin shaida.

Magicland, wanda tsofaffin mazauna har yanzu ke kira Wonderland, yana Kukwaba kusa da Ƙofar Birni da filin wasa na Moshood Abiola, wato a bakin hanyar filin jirgi, shi ya sa ya fi sauƙi ga mutanen Lugbe. Shi ba lambu ba ne, filin injuna ne: lilo mai juyawa, motocin karo, jirgi mai hawa da gangara, ɗakin wasannin kwamfuta. Ana biya a ƙofa, a kuma biya wa abin da aka hau. Yara sun fi son sa a kan duk wuraren da na ambata, iyaye kuma sun fi jin sa a jika. Shawarata a yanke adadi tun a gida a faɗa wa kowa: abu uku za ka hau, ka zaɓa. Wanda ya shiga ba da wannan yarjejeniya ba zai fito da yara suna kuka duk da ya kashe abin da bai yi niyya ba. Ga tsoho babu komai a nan sai ƙara da jira. Akwai kuma Central Park a tsakiyar gari, na 'yan kasuwa ne, mai tseren ƙananan motoci da wasannin matasa, shi ma a wannan layin na kashe kuɗi yake.

Wani gargaɗi ga baƙo, domin an sha yin wannan kuskuren. Abuja cike take da wuraren da allon ƙofarsu ke cewa lambu ne, a Wuse, Garki, Utako da sauran unguwanni. Da yawansu filayen da aka ware ne don shan iska, hukuma ta ba 'yan kasuwa su kula da su, suka koma wuraren gasa kifi da kallon ƙwallo da shaye-shaye da dare. Lokacin da Malam Nasiru El-Rufai yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, an yi rushe-rushe da yawa da sunan dawo da taswirar asali, amma ja-in-ja kan waɗannan filaye bai ƙare ba har yau. Wasunsu da rana lafiya lau ne, kifinsu ma da daɗi. Sai dai kada ka ga suna a taswirar waya ka kwashi iyali da magariba. Tambayi wanda ya san wurin, ko ka leƙa kai kaɗai tukuna.

Na masu ƙarfin ƙafa

Dam ɗin Usuma yana hanyar Bwari, bayan Dutsen Alhaji, kusa da ƙauyen Ushafa. Daga nan birnin ke shan ruwa. In kyan gani ake magana, ya fi duk waɗanda na lissafa: ruwa shimfiɗe tsakanin duwatsu, kore ko'ina a ƙarshen damina, shiru kamar ba a Abuja ba. Ushafa kuma na da cibiyar ginin tukwane da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000, inda za a ga matan Gbagyi na aikin da ya ɗaukaka sunan Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20. Fita ce mai ilimi a ciki. Amma dam ɗin wurin aikin hukumar ruwa ne, ba lambun jama'a ba. Shiga na bukatar izini, ba a wanka, babu kanti, babu bayi a kowane lungu. Kuma yankin Bwari ya sha fama da masu garkuwa da mutane, musamman a farkon 2024. Wanda zai je ya tafi cikin ayari, da wanda ya san hanya, ya tambayi halin da ake ciki a makon, ya kuma juyo da rana tsaka.

Ramin Mpape tsohon wurin fasa dutse ne da aka bari ruwa ya cika shi, a kan tudun da ke bayan Maitama. A 2020, lokacin da korona ta rufe ko'ina, hotunansa suka bazu a intanet, matasa suka yi masa ca. Hoto yana kyau a wurin, wannan gaskiya ne. Bayan hoton kuwa sai gangara mai santsi, gaɓa mai tsayi da babu shinge, da ruwa mai zurfi da ba na iyo ba. Na samari ne masu takalmin kirki. Yara da tsofaffi ba su da abin yi a can.

Dutsen Zuma na jikin naira 100 da magangarar ruwa ta Gurara kuwa a Jihar Neja suke. Mai zuwa daga Kaduna ya riga ya ga Zuma ta tagar mota, Gurara kuma tafiyar wuni ce ta daban.

Rana da wata

Lambu ɗaya ne, amma wanda ya gan shi a Oktoba da wanda ya gan shi a Fabrairu za su yi musu. Daga Oktoba zuwa Nuwamba ne Abuja ta fi kyau: ruwa ya ja baya, ciyawa ba ta bushe ba, sama garau, duwatsu sun fito. Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗin zama, sai dai hazo kan rufe Dutsen Aso, mai asma kuma ya yi hattara. Fabrairu zuwa Afrilu zafi ne, ciyawa ta ƙone, a nan Jabi da yamma ya fi komai. A tsakiyar damina, Yuli da Agusta, a fita da safe, a sa leda a ƙarƙashin tabarma domin ƙasa a jiƙe take, kuma a zaɓi wurin da ke da mafaka kusa.

Ranakun Sallah, Kirsimeti, sabuwar shekara, 1 ga Oktoba da ranar yara ta 27 ga Mayu, kowane ɗayan wuraren nan cika yake. Ana cewa Abuja kan zama kango da Sallah saboda manya sun tafi garuruwansu, amma mutanen Nyanya, Mararaba, Suleja da Gwagwalada a ranar suke shigowa, Millennium ya koma kamar filin Idi bayan an sallame. Wanda ke son wannan hayaniyar, ga kwalliya ga jama'a, ya je, ita ma Sallah ce. A rubuta lambar waya a saka a aljihun kowane ƙaramin yaro, a kuma nuna wa manyan inda za a haɗu in an rabu. Wanda hutu yake nema ya bari sai kwana uku ko huɗu bayan Sallah, ko ya zaɓi Talata ko Laraba.

Ko ina aka zaɓa, buta da darduma su shiga mota, da ruwan alwala a jarka, domin ba kowane wuri ke da famfo a kusa ba. A riƙe 'yan canji a hannu, mai doki da mai tabarma da mai gadin bayi ba sa son jiran transfa. A tafi da ledar zuba shara a dawo da ita. Kuma tunda Abuja gari ne da ake wayar gari a ga an kewaye wuri da kwano ana gyara, a kira wani mazaunin kusa a tabbatar a buɗe yake kafin a loda yara.

Komawa gida ita ce ta fi bukatar shiri ga marar mota. An hana acaba a tsakiyar birni tun 2006, Keke Napep ma ba ya shiga Maitama da Asokoro, don haka daga Millennium ko gidan namun daji sai tasi. Da yamma, musamman in duhu ya fara, kada a tsaya bakin titi da mata da yara ana tare motar da ba a sani ba, saboda 'yan wan-cans, masu yi wa fasinja fashi a cikin motar haya. A kira mota ta manhaja irin Bolt tun ana naɗe tabarma, ko a yi magana da direban da ya kawo ku ya dawo a lokacin da aka yanka. Mai komawa Nyanya ko Mararaba a ranar aiki ya tashi kafin ma'aikata su taso, in ba haka ba sallar magariba da isha duk a kan hanyar AYA za su same shi.